Ki Buɗe Kundinki, 'Yata

  

Kukan da kike yi na ji shi, kuma ba ke kaɗai ke yin sa ba. Daga kiran asuba har a rufe ƙofar gida ƙafarki ba ta zama wuri ɗaya: ga damun koko, ga shirya 'yan makaranta, ga wurin aiki, ga tuwon dare, ga waya tana ƙara ba dare ba rana. Mako ya shuɗe, a tambaye ki abin da ya faru ranar Talata ki rasa ta cewa. Gajiyar jiki barci ke maganinta. Wadda ke damun ki ta zuciya ce, wato mutum yana tsakiyar iyalinsa amma hankalinsa bai zauna tare da su ba. Shawarata ƙarama ce, ba ta cin kuɗi. Ki samu littafi guda, ki ware masa rubu'in awa a yini. Ki fara zama ki natsu, sannan ki sa wa shafi ɗaya abin da ranar ta bari a hannunki, ko rubutu, ko zane, ko ƙyalle, ko dukkansu a haɗe.

A Turai da Amurka wannan ɗabi'a ta yaɗu ƙwarai, har azuzuwa ake buɗewa ana koyar da ita, ana sayar da fenti da takardu na musamman dominta. Amma kada ki ɗauke ta baƙuwa. Malaman zaure na ƙasar nan sun daɗe da kundi. Idan aka kwance gafakar tsohon malami za a tarar da warƙoƙi ba ɗinki, wannan addu'a, wancan wasiƙar aboki, ga ranar da aka haifi ɗa, ga maganin ciwon ciki, ga hatimi an zana da baƙar tawada an ƙawata da ja. Takardar da yawa daga Italiya ta fito, raƙuma suka ratso Sahara da ita, idan aka ɗaga ta a rana sai a ga alamar jinjirin wata uku a jikinta. Tana da tsada, shi ya sa ba a yar da ko guntu. Ki tuna kuma zayyanar da ake yi wa allon mai saukar Alƙur'ani, da zanen ƙwarya, da saƙar faifai, da ɗinkin hula da iyayenmu mata ke yi bayan la'asar. Wanda ya taɓa zama kusa da mai ɗinkin hula ya san yadda numfashinta ke lafawa idan allura ta kama hanya. Hannu yana aiki, zuciya tana hutawa. Abin da nake son ki samu ke nan.

Wataƙila ki ce me ke cikin rayuwarki da ya isa a rubuta. Ki dubi Baba ta Karo. Tsohuwa ce Bahaushiya wadda ba ta riƙe sarauta ba, ba ta ja rundunar yaƙi ba. Tsakanin 1949 da 1950, a ƙasar Zazzau, ta zauna da wata Baturiya, Mary Smith, ta ba ta labarin rayuwarta, littafin ya fito a 1954. Me ke ciki? Aure da zaman kishi, riƙon 'ya'ya, ƙawance, bikin suna, fargabar masu kamun bayi, da zuwan Turawa kamar yadda mace ta gan shi daga cikin gida. Yau masana tarihi a jami'o'in duniya suna komawa gare shi, domin abin da marubutan fada suka ga bai kai a rubuta ba, shi ne ainihin yadda mutane suka rayu. Tsofaffi nawa irin Baba suka tafi da nasu labarin a ciki, don ba a samu mai rubutawa ba? Ke kuwa Allah ya ba ki karatu, alƙalamin yana hannunki.

Akwai kuma ranar da magana ba ta fita, sai launi ya karɓe ta. Frida Kahlo, mai zane 'yar ƙasar Meziko, ta yi haɗarin mota a 1925 tana da shekara 18, ta ƙare rayuwarta cikin ciwo da tiyata. Daga 1944 har rasuwarta a 1954 ta riƙe littafi guda, tana rubutu tana zuba tawada mai launi a kai, wani shafin kalma kaɗan ce sai zane. Ba ta yi shi don kasuwa ba, sai a 1995 aka buga shi. Masu nazarin halayyar ɗan Adam ma sun gwada abin. A wani bincike da aka buga a 1986, James Pennebaker, a jihar Texas ta Amurka, ya sa ɗalibai su riƙa rubuta abin da ke ci musu rai na minti 15, kwana huɗu a jere. A watannin da suka biyo baya, zuwansu asibitin makaranta bai kai na waɗanda suka rubuta abubuwa na sama-sama ba. Damuwar da aka fitar aka dube ta ido da ido ba ta kai nauyin wadda aka danne ba.

To amma kafin alƙalami, zama. Nan ne mutane da yawa ke tsallakewa, kuma nan ne gishirin abin yake. Ki zaɓi lokacin da gida ya fi lafawa. Ga wasu bayan sallar asuba ne, an gama azkar yara ba su tashi ba. Ga wasu bayan isha'i. Ki bar waya a wani ɗaki. Ki zauna a kan dardumarki, ki miƙe baya, ki sa hannu a cinya. Ki bi numfashinki yana shiga yana fita, ba tare da kin tilasta masa ba. Ki saurari abin da ke kewaye da ke: carar zakara, tsintsiyar maƙwabciya, tarin ɗanki daga ɗaki. Ba za a jima ba tunani zai kwashe ki zuwa kuɗin makaranta, ko maganar da uwar mijinki ta faɗa jiya. Kada ki yi faɗa da kanki. Ki lura kin tafi, ki dawo a hankali, ko sau nawa ne. Ruwan da aka ɗebo da laka ba a tace shi da motsawa. Ajiye shi ake yi a randa, laka ta kwanta da kanta.

A 1979 wani masani, Jon Kabat-Zinn, ya buɗe shiri na mako takwas a asibitin Jami'ar Massachusetts, yana koya wa masu fama da ciwo da damuwa irin wannan zama, ya ɗauko tushensa daga al'adar mabiya Buddha. Mu ma muna da namu tun da daɗewa. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ware babi guda a Ihya'u kan muraƙaba da muhasaba, wani kuma kan tafakkuri. Ya kwatanta mutum da ɗan kasuwa mai zama da abokin cinikinsa a ƙarshen yini su yi lissafin riba da asara. Saboda haka bayan zuciyarki ta kwanta, ki yi wa kanki tambaya uku. Wace ni'ima ce ta zo mini yau ban gode ba? Wa na ɓata wa rai? Me na gani a fuskar 'ya'yana? Amsar da ta fara zuwa, ita za ki kai shafi.

Kayan aiki yawanci suna gidanki. Littafi mai takarda mai ɗan kauri ya fi, amma ko littafin makaranta ne ki manna shafi biyu-biyu zai ɗauki ruwa. Ƙaro kaɗan da aka jiƙa ya kwana ya isa gam. Ruwan zoɓo mai kauri yana ba da ja, yakan juya ya yi duhu idan ya bushe. Gangamau yana ba da rawaya, ganyen shayi yana ba da ruwan ƙasa, gawayi yana ba da baƙi, ragowar lalle yana barin nasa tabon. Launukan gida sukan koɗe da daɗewa, don haka rubutun da kike son ya daɗe ki yi shi da biro ko tawada mai kyau. Ki roƙi telanki ya riƙa tara miki ƙyallayen ɗinkinku a leda. Kowane shafi ki sa masa kwanan wata, na Hijira da na Miladiyya.

Bari in nuna miki yadda shafi ɗaya zai iya kasancewa. A ce yau ne autarki ta fara tafiya. Ki shafa ruwan shayi a takardar ki bari ta sha iska. A kusurwar dama ki manna yankin atamfar da kika goya ta da ita, wadda bakinta ya fara zarewa. Ki shafa mata ɗan lalle a tafin ƙafa, ki ɗora a tsakiyar shafin, ko ta motsa yatsun sun ɓaci ki bar shi haka. A ƙasa ki rubuta layi uku: taku nawa ta yi, wa ta nufa, me yayanta ya ce da ya gani. Idan da sauran wuri ki kewaye da ɗigo-ɗigo irin na bakin hula. Shi ke nan, kin gama kafin ruwan zafi ya tafasa. Wata ranar kuma shafin rasit ɗin magani ne da baƙin gawayi kewaye da shi, da addu'a guda a ƙasa. Wannan ma shafi ne, kada ki tsallake shi. Gidan da aka rubuta daɗinsa kaɗai ba a faɗi gaskiyarsa ba.

Kada ki ce ba ki iya zane ba. Ba jarrabawa ba ce, babu mai ba da maki. Idan kuma zuciyarki ba ta kwanta da zana abu mai rai ba, ga ganye, ga dagi, ga zanen bangon gidajen Kano da Zariya, ga taurarin zayyana. Ba za ki ƙure su ba har tsufa.

Yara za su zo, su ja littafin, su tsoma yatsa a zoɓo. Kada ki kore su, domin su ne abin da ake rubutawa. Ki ba kowa takardarsa, ranar Juma'a ko Lahadi ku yi shafi ɗaya tare. Yaron da ba ya iya cewa ana dukansa a makaranta yakan zana shi, uwa mai lura ta gani. Maigidan ma ki jawo shi, ko layi ɗaya ya rubuta ranar suna ko ranar sallah. Idan kun je gaishe da tsofaffi, ki tambayi kakar yaran sunayen iyayenta da garin da suka taso, ki rubuta da bakinta yadda ta faɗa. Irin wannan tambaya ba a ɗaga ta zuwa baɗi.

Sai abubuwan da nake so ki kiyaye. Na farko, takardar da ke ɗauke da aya ko sunan Allah ba a yanka ta a yi ado da ita yadda aka ga dama, kuma littafin da kika rubuta addu'a a ciki ki ajiye shi wuri mai tsabta, cikin akwati ko gwangwani, nesa da laima da gara. Na biyu, sirrin gidanki da aibin mutane. Idan ranki ya ɓaci ki rubuta abin da kika ji, amma kada ki mai da kundinki rumbun laifin miji ko na dangi, domin rubutu yakan fi mai shi daɗewa, kuma 'ya'yanki ne za su gada. Abin da ya yi zafi ƙwarai ki rubuta shi a wata takarda daban, ki huce, ki yaga. Na uku, kada ki riƙa ɗaukar hoton kundin kina sawa a Facebook ko Instagram. Da zarar kin fara tunanin masu kallo, hannunki zai fara yi musu ado, gaskiyar ta gudu. Na huɗu, littafi ba likita ba ne. Idan baƙin ciki ya zauna miki mako biyu ko fiye, barci ya ƙaurace, abinci ya fita ranki, musamman bayan haihuwa, ki faɗa wa maigidanki ko wanda kika amince da shi, ku je asibiti. Ciwo ne da ake warkewa, ba raunin imani ba ne.

Wani zai ce miki kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Ki amsa masa da cewa wannan aiki na bana ne. Wadda ta san za ta zauna da dare ta tambayi kanta me ta gani, da rana ma sai ta buɗe ido. Ta fara jin abin da yaro ke faɗi maimakon ta ce masa "to, to" idonta na kan waya. Ta lura maigida ya dawo shiru, ta tambaye shi lafiya. Ribar farko ke nan, kuma tun yau ake cin ta. Ta biyun ta jikoki ce.

Za a yi ranakun da ba za ki samu zama ba, baƙi sun zo ko yaro ya kwana da zazzaɓi. Kada ki ce tunda na tsallake mako guda abin ya lalace. Ki buɗe shafi na gaba ki ci gaba, sannu ba ta hana zuwa. Ƙaramin aiki mai ɗorewa ya fi babba da ake yi sau ɗaya a watsar, haka malamanmu suka karantar da mu.

Saboda haka gobe idan za a yi cefane, ki sa littafi da ƙaro na ɗan kuɗi kaɗan a cikin lissafi. Ki fara a daren, kada ki jira hutu ko sabuwar shekara. Idan na zo ganin ku ba zan nemi ki nuna mini ba, naki ne. Fuskarki za ta gaya mini ko kina zaman.

Allah ya sanya natsuwa a zuciyarki, ya zaunar da ku lafiya, ya sa 'ya'yanki su yi miki fiye da yadda kike yi musu. Ki gaishe mini da maigidan da kyau.

Goggonki.