Tambaya da Amsa: In Yarda a Gwada Magani a Kan Ɗana?

Tambaya: Mun kai ɗana mai shekara uku asibiti, sai aka miƙo mana takarda, wai ana binciken wani maganin yara, in mun amince mu sa hannu. Maigidana ya ce sam, bai manta da abin da ya faru a Kano ba. Me zai hana a gwada a kan manya, sannan a riƙa rage wa yara?
Wata uwa daga Ikara

Amsa: Allah Ya ba yaro lafiya. Tsoron maigidanki yana da tushe. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano da yara 200, kuma 11 daga cikinsu suka rasu. Iyaye suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi. Kamfanin ya musanta laifi, amma a 2009 ya sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Wannan tabo yana cikin abin da ya sa aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003.

Sai dai ɓalla ƙwayar babba gida biyu a ba yaro ganganci ne. Hantar jariri da ƙodarsa ba su gama ƙwari ba, magani yakan daɗe a jikinsa har ya zama guba. Haka aka yi ta rasa jarirai a Amurka wajen 1959, saboda maganin chloramphenicol da hantarsu ta kasa sarrafawa. Ko manya bincike ne ke fitar da su daga duhu. A 2002 aka tsayar da wani babban gwaji a Amurka, bayan an ga maganin sinadarin jiki da ake ba matan da suka daina al'ada yana ƙara haɗarin kansar nono da gudajin jini. A 2020 kuma aka janye Zantac, maganin ƙwannafi da gyambon ciki, don an sami gurɓataccen sinadari a cikinsa. Shi kansa maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake bi gida-gida ana ba yara da damina, sai da aka gwada shi a kan yaran Mali da Burkina Faso da Senegal kafin Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2012.

Saboda haka kada ki sa hannu, kada kuma ki ƙi, sai kin ji komai. Tun 2007 Najeriya take da ƙa'idar binciken lafiya ta ƙasa. Ki nemi a karanta muku takardar da Hausa, ke da maigida, a gaban wanda kuka yarda da shi. Ki tambayi sunan maganin da illolinsa, da ko NAFDAC da kwamitin ɗa'a na asibitin sun ba da izini. Ki ji wa zai ɗauki nauyin jinya in matsala ta taso, ki karɓi lambar wanda za ki kira ko da tsakar dare, ki kuma riƙe kwafin takardar.

In kun ƙi, haƙƙin ɗanki ne a yi masa magani kamar kowa. In kun yarda, kuna iya janyewa duk ranar da kuka ga dama. Wanda kuwa ya ce ki dangwala yanzu-yanzu babu lokacin shawara, ki mayar masa da takardarsa.