Hawan Jinin da Ya Ƙi Jin Magani

Wani mai sauraronmu daga Birnin Gwari ya tambaya: me ya sa hawan jinin mahaifinsa ya ƙi sauka duk da magani kala uku?

Malam, a binciki sinadarin aldosteron, wanda wasu ƙananan halittu da ke saman ƙoda ke fitarwa. Idan ya yi yawa, jiki na riƙe gishiri, yana zubar da fotasiyam, jini ya hau. Wani zai ce ai tsufa ne. A'a, masu wannan matsalar sun fi sauran masu hawan jini fuskantar shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya, kuma spironolactone ko tiyata na magance ta. Ko da tafiyar daga Birnin Gwari na da wuya, a daure a kai Baba asibitin koyarwa na Shika, Zariya, a gwada jininsa.