Darasi na Tara: Sayen Idon Kyamara na Hannu

Karatu

Idon kyamara shi ne gilashin da ake ɗaurawa a gaban kyamara domin haske ya shiga. Akwai wanda ake murzawa ya jawo nesa kusa. Masu koyon ɗaukar hoto sukan fara da mai lamba 18-55, wato milimita 18 zuwa 55. A kan 18 yana ɗaukar fili mai faɗi, a kan 55 kuwa yana matso da abu kusa.

Wasu idanun suna da na'urar hana rawa. Idan hannun mai ɗauka ya girgiza, wani ƙaramin gilashi a ciki yakan motsa ya gyara, don kada hoto ya fito dishi-dishi. Kamfanin Canon yana rubuta IS a jikin irin wannan ido, Nikon kuma VR. Sai dai na'urar rawar hannu kawai take magancewa. Ba ta tsayar da yaro mai gudu.

Sabon ido yana da tsada, shi ya sa mutane da yawa suke sayen na hannu. Amma Hausawa sun ce araha ba ta ado. Kafin ka biya, ka tafi da kyamararka, domin idon Canon ba ya hawa kan Nikon kai tsaye. Ka haska gilashin da tocila, ka duba ko akwai kwarzane ko fumfuna. 'Yar ƙura ba ta ɓata hoto, amma fumfuna yaɗuwa take yi, kuma gyaranta yana da wuya. Ka murza idon, ka ji ko yana cijewa. Daga nan ka kunna na'urar hana rawa, ka danna maɓallin ɗauka rabi. Idan tana aiki, za ka ga hoton ya natsu. Sayen nagari, mayar da kuɗi gida.

Sababbin Kalmomi

na hannu: wanda wani ya riga ya yi amfani da shi
dishi-dishi: abin da bai fito sosai ba
fumfuna: abin da laima take haifarwa a jikin kaya

Tambayoyi

1. Mene ne aikin na'urar hana rawa?
2. Don me mai saye zai tafi da kyamararsa?
3. Wanne ya fi illa, ƙura ko fumfuna? Me ya sa?
4. Mayar da "ka haska" da "ka murza" zuwa umarni ga mace.