Doro a Bayan Yaro: Tarin Fuka na Ƙashi

Ya 'yan'uwa, a ƙauyukanmu na wajen Bichi da Dambatta, in yaro ya fara doro akan ce iska ce ta taɓa shi, ko kuwa sammu aka yi masa. Waɗansu sukan ce faɗuwa ya yi tun yana goye. Sau da yawa ba ko ɗaya. Tarin fuka ne ya shiga ƙashin bayansa, yana kuwa da magani.

1. Yadda Ciwon Yake

Ƙashin baya ba guda ɗaya ba ne. Ƙasusuwa 33 ne a ɗore bisa juna kamar tubalan katanga. Akwai rami a cikinsu inda laka ta bi, ita ce mai kai saƙo daga kai zuwa ƙafafu. Ƙwayar tarin fuka takan shiga huhu ta numfashi, jini kuwa ya ɗauke ta zuwa ƙashi. Can sai ta yi ta cinsa kamar yadda gara take cin azara, har ya burma ta gaba, baya ya turo. Mugunya kuma takan taru ta danne laka, ƙafafu su mutu. Wani likitan Ingila, Percivall Pott, ya bayyana wannan ciwo a 1779. Robert Koch na Jamus ya gano ƙwayar a 1882.

2. Alamunsa

Ciwon baya wanda ya yi makonni bai sake ba, har da dare. Rama, da zazzaɓi, da zufa cikin barci. Yaro ya daina sunkuyawa, in zai ɗauki abu a ƙasa sai ya tsuguna, bayansa a sandare. Ku lura, mai wannan ciwo yana iya zama ba ya tari ko kaɗan. In ƙafafu suka fara nauyi, ko fitsari ya fara kuɓuce masa, kada a kwana a gida.

3. Maganinsa

Dā babu magani sai kwanciya wata da watanni. Amma an sami streptomycin a 1943, isoniazid kuma a 1952, daga baya rifampicin. Yanzu ƙwayoyi iri huɗu ake farawa da su, a sha kullum. A Nijeriya akan sha maganin tarin fuka na ƙashi wata 12, kyauta ne kuwa a asibitocin gwamnati. Yawancin masu ciwon da ƙwayoyi kaɗai suke warkewa. Amma wanda ya ji sauƙi a wata na uku ya bari, ciwon zai komo, wataƙila kuma maganin ba zai ƙara cinsa ba.

4. Sa'ad da Ake Bukatar Fiɗa

In laka ta dannu ƙwarai, ko ƙashi ya ruɓe har ba ya iya riƙe jiki, sai a yi fiɗa, watau tiyata. Likita yakan fara ɗaukar hoton ƙashi domin ya ga wurin. A 1956 Likita Hodgson da abokin aikinsa Stock, a Hong Kong, suka nuna hanyar isa ƙashin ta gaba, a kwashe mugunya da ruɓaɓɓen ƙashi, a cike gurbin da guntun haƙarƙarin mai ciwon. Yau kuma akan ɗaure wurin da sanduna da kusoshi na ƙarfe har ƙashi ya haɗe. Mu mutanen ƙasar Kano ba mu da nisa da taimako, gama Asibitin Ƙashi na Dala yana cikin birni tun 1959. Ko an yi fiɗa, tilas a shanye ƙwayoyin.

5. Abin da Ya Wajaba a Kanmu

Maɗori ba shi da abin da zai ɗora a nan, gama ba karaya ba ce. Ƙaho da sakiya ba sa kai wa ƙwayar. Kada kuwa mu ce sai mun sayar da gyaɗa da kaka. Ƙafafun da suka mutu sukan tashi in an yi hanzari, amma doron da ya riga ya fito, ƙwaya ba ta mai da shi. Sai a kai yaro asibiti mafi kusa, su kuma su tura shi Dala in akwai bukata. A duba mutanen gidan, domin watakila akwai mai tari a cikinsu. A yi wa jarirai allurar BCG. In kuɗin mota ne ya hana, dattawa da zumuntar mata su haɗa hannu.

Tambayoyi

1. Me ya sa ƙafafu suke mutuwa, alhali ciwon a baya yake?
2. Wata nawa ake shan magani?
3. Akwai yaro mai irin waɗannan alamu a unguwarku? Wa zai kai shi, wace rana?