Darasi ga Katikis da Shugabannin Zumunta: Yadda Za Mu Zauna da Wanda Masifa ta Firgita

A daren 15 ga Oktoba, 2024, wata tankar mai ta faɗi a Majiya, cikin Ƙaramar Hukumar Taura. Jama'a suka taru suna ɗibar fetur, wuta ta tashi, mutum fiye da 150 suka rasu. Majiya ba ta da nisa da mu nan Babura. An yi jana'iza, an yi wa masu ƙuna magani a asibiti. Amma akwai wani rauni wanda ba ya zubar da jini, shi ne na wanda ya gani da idonsa, ya tsira. A kan irin wannan rauni darasinmu zai tsaya, gama haɗarin mota, da ambaliya, da garkuwa da mutane, da fyaɗe, duk sukan bar shi.

Likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka sun sa wannan ciwo cikin littafinsu na cututtuka a 1980, bayan abin da aka gani ga sojojin da suka komo daga yaƙin Biyetnam. Allah ya halicci jiki da ƙararrawa, wadda takan kaɗa a lokacin hatsari domin mutum ya gudu ko ya kāre kansa. Ga waɗansu, hatsarin yakan wuce amma ƙararrawar ta ƙi yin shiru. Sai ka ga magidanci yana zabura cikin barci, warin fetur kaɗai ya sa gabansa faɗuwa, ya daina bin hanyar da abin ya faru, yana faɗa da iyali ba dalili. Wani kuwa sai ya yi tsit, ba kuka ba dariya. Mu kuwa mukan yi saurin cewa bangaskiyarsa ce ta raunana, ko iskoki ne suka taɓa shi.

Wata likita, Judith Herman, ta nuna a 1992 cewa warkewa hawa uku ce: da fari mutum ya sami kwanciyar rai, sa'an nan ya tuna ya yi makoki, daga bisani ya koma cikin jama'a. Jerin nan ba a juya shi. Littafi Mai Tsarki ma haka ya nuna mana. Ku karanta 1 Sarakuna sura 19. Annabi Iliya ya gudu daga Yezebel, ya zauna a jeji yana roƙon mutuwa. Mala'ika bai yi masa wa'azi ba. Abinci da ruwa ya ba shi har sau biyu, ya bar shi ya yi barci. Sai bayan kwana 40, a Dutsen Horeb, Ubangiji ya tambaye shi abin da ya kawo shi.

A nan ne yawancinmu muke tuntuɓe. Mukan je gaisuwa da kyakkyawar niyya, mu ce ya ba mu labari tun daga farko. Baƙo na biyu ya zo, ya sake tambaya. Kafin magariba mutumin ya koma cikin wutar sau goma. Hukumar Lafiya ta Duniya, cikin jagorar taimakon farko ga waɗanda suka firgita, wadda ta fitar a 2011, ta hana a matsa wa mutum ya faɗi abin da ya faru. Masifa ta riga ta ƙwace masa iko a kan ransa. Aikinmu mu mayar masa. Shi zai zaɓi inda za a zauna, da wanda zai kasance a wurin, da inda zance zai tsaya. Ko addu'a ma, a nemi yardarsa kafin a ɗora masa hannu, gama wadda aka yi wa fyaɗe takan razana da hannun da ba ta zata ba. Mace kuwa ta fi sakewa da 'yar'uwarta ta Zumuntar Mata.

“Sai haƙuri” kalma ce mai kyau, amma idan ta zo da wuri takan rufe bakin mai ciwo. Abokan Ayuba sun kyauta kwana 7 da suka zauna shiru; da suka fara neman laifinsa ne suka ɓata. Kada kowa ya ce wa wanda ya tsira daga irin gobarar Majiya kwaɗayi ne ya kai shi. Ya riga ya faɗa wa kansa haka kowane dare. Abin da aka faɗa muku kuma amana ne, ba na kawowa taron addu'a da sunan neman taimako ba.

Yawancin mutane sukan sami sauƙi cikin 'yan makonni idan iyali sun riƙe su. Amma katikis ba likita ba ne, Fada ma haka. Idan wata guda ya wuce barci bai dawo ba, ko mutum ya kasa noma da kasuwa, ko ya shiga shan ƙwaya, a raka shi asibiti. Akwai na masu ciwon ƙwaƙwalwa a Kazaure, akwai kuma a Dawanau ta Kano. In kuwa ya ambaci kashe kansa, ba a jiran wata guda, ba a kuma riƙe wannan a asirce. Kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da maganin ƙwari daga ɗakinsa, a sanar da Fada da babban gidan a ranar.