FIS, MAI GADIN FITILAR MOTA

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, ga wani darasi da na koya a bakin titi lokacin hutun da ya wuce.

Ran wata Lahadi na raka Kawuna cin kasuwar Ɗanbatta a tsohuwar a-kori-kurarsa. Mun kamo hanyar Kazaure bayan magariba, sai fitilun gaba duka biyu suka ɗauke, ga kuwa amalanken shanu a gabanmu. Allah ya kiyaye, Kawu ya taka birki, muka gangara gefe.

Ya haska tocila cikin akwatin fis, ya zaro guda, sai ga ɗan ƙarfen cikinsa ya tsinke. Yaron motarsa ya ce, "Maigida, a naɗe shi da takardar sigari mu wuce." Kawu ya ce, "Kul! So kake mu ƙone da hatsin mutane?"

Ga dalili. Batirin ƙaramar mota bolt 12 ne. Ƙwan fitila mai wat 55 yana jan wuta kimanin amfiya huɗu da rabi, watau 55 a raba da 12. Shi fis an yi shi ne ya narke da zarar wuta ta wuce adadin da aka rubuta a jikinsa. In aka maye shi da waya ko takardar sigari, to, wayoyin motar ne za su yi zafi har su kama wuta.

Ga yadda Kawu ya koya mini bin sawun cutar:

1. In fitila ɗaya ce ta mutu, a fara duba ƙwan. Silin da ke ciki yakan tsinke. Kada a taɓa gilashin sabon ƙwai da yatsa, don maiƙon hannu yana rage masa kwana.

2. In duka biyu suka mutu tare, a duba fis da makunni.

3. In hasken ya dushe, a kankare tsatsa daga wayar da ke ɗaure a jikin mota.

4. In sabon fis ya sake ƙonewa nan take, akwai wayar da ta saɓule tana taɓa ƙarfe.

5. In ƙwai yana yawan mutuwa, mai gyaran wayar mota ya auna altaneta. Bai kamata ta wuce bolt 14 da rabi ba.

Namu ciwon na huɗu ne. Kawu ya gano wayar, ya naɗe ta da salatif, ya sa fis mai lamba daidai da na farko, haske ya dawo.

Daga ƙarshe ina roƙon iyayenmu masu mota su riƙa ajiye fis da ƙwai na ko-ta-kwana. Kada kuma a hau titi da fitila ɗaya, domin mai tahowa zai zaci babur ne, ya matso. Rigakafi ya fi magani.