Ina Sauran Ƙwaƙwalwar Kwamfuta Ta Shiga?

Sau da yawa mutum yakan tara kuɗi ya sayi ƙarin ƙwaƙwalwa, wadda masu gyara suke kira RAM, ya sa wa tsohuwar kwamfutarsa har ta kai gigabayit 4. Da ya kunna, sai Windows ta ce ita gigabayit 3 da 'yan kai take gani. Nan da nan rai ya ɓaci, a koma kasuwa a kama mai shago da rigima, wai ya sayar da jabu. Kafin mu ɗora wa bawan Allah laifi, bari mu yi ɗan lissafi tukuna.

Mu ɗauki ƙwaƙwalwar nan kamar akwatunan gidan waya. Kowane akwati yana ɗaukar bayit ɗaya, kuma kowanne da lambarsa. Firosesa, wato ɓangaren da yake yin ainihin lissafi, ba ya sanin akwati sai ta lambarsa. Akwatin da bai sami lamba ba, ko da an ƙera shi da kyau an kafa a bango, wasiƙa ba za ta taɓa shiga cikinsa ba.

To, lambobi nawa ake da su? Babbar manhaja mai bit 32, irin su Windows XP ta 2001 wadda yawancinmu muka fara koyo da ita, tana rubuta kowace lamba da gurabe 32, kowane gurbi ko 0 ko 1. In muka jera 2 sau 32 muka yi ta ninkawa, za mu sami 4,294,967,296. ('Yan aji uku su gwada, ba ya cin rabin shafi.) Wannan shi ne gigabayit 4 daidai, daga nan lambobi sun ƙare.

Sai dai ba RAM kaɗai take bukatar lamba ba. Katin hoto, da katin sadarwa, da BIOS wadda take tashe na'urar, duk daga rajista ɗaya ake ba su, kuma su ake fara sallama. Abin da suka rage shi RAM take samu, galibi tsakanin gigabayit 3 da 3 da rabi. Sauran akwatunan suna nan lafiya lau, lamba ce ba su da ita.

Abin ba sabo ba ne. Kwamfutar IBM ta 1981 tana da firosesa Intel 8088 mai gurabe 20, wato lambobi 1,048,576. Aka ware kilobayit 384 domin hoto da BIOS, aka bar wa manhajoji 640. Masu aiki da DOS sun sha fama da wannan iyaka shekara da shekaru.

A 1995 Intel ta fito da Pentium Pro da wata dabara mai suna PAE, wadda ta kai gurabe 36, wato gigabayit 64. Linux ta ci moriyarta. Amma a 2004 Microsoft ta tsayar da Windows XP a kan gigabayit 4, domin ƙananan manhajojin da suke tuƙa katuna da yawa sukan rikice in lamba ta haura nan. Maganin gaske shi ne bit 64, wanda AMD ta kawo wa kwamfutocin gida a 2003. Windows 11 ta 2021 ma ba ta da nau'in bit 32 sam.

Duk da haka ƙwaƙwalwa takan yi gibi. Windows 7 Home Basic mai bit 64 ba ta wuce gigabayit 8, Home Premium kuma 16. Wannan kam ba lissafi ba ne, ciniki ne: ka biya kaɗan, a buɗe maka kaɗan. Kwamfutocin cinya da yawa kuma ba su da katin hoto mai ƙwaƙwalwar kansa, sai su gutsiri ta RAM.

Yadda za mu raba gardama shi ne mu shiga BIOS tun kafin Windows ta tashi. In ta nuna adadin duka, mai shago ya kuɓuta, sai mu duba ko manhajarmu mai bit 32 ce. In ita ma ba ta gani ba, mu kashe na'urar, mu zare wayar wuta, mu ciro sandunan RAM, mu kakkaɓe ƙurar hunturu daga ramukansu. Sa'an nan mu mai da su ɗaya bayan ɗaya, muna dannawa har maƙallan su kama, muna kunnawa bayan kowace sanda, har mu gane wadda ba ta amsawa.